Gidajen laka na Louisiana: abin da ya kamata ku sani

A jihar Louisiana da ke kudancin Amurka akwai gidajen laka da suka haura shekara 200 suna tsaye, alhali ruwan sama a can yana kai wajen milimita 1,500 a shekara, ga ambaliya, ga guguwa. Duk wanda ya san ɓarnar da damina ɗaya ke yi wa katangar ƙasa zai so ya ji yadda aka yi.

Al'umma biyu aka fi sani da wannan gini. Akwai Kiriyol, wato haifaffun ƙasar tun zamanin mulkin Faransa da Sifen, cikinsu da farare da baƙaƙe da masu ruwa biyu. Akwai kuma Kajun, jikokin Faransawan Akadiya da ke gabashin Kanada ta yau, waɗanda Ingila ta fara kora daga gonakinsu a 1755. Ko da suka fara isowa Louisiana wajen 1765, sun tarar sana'ar ta riga ta kafu, domin tun 1714 aka kafa garin Natchitoches, New Orleans kuma a 1718. Kudancin jihar ba dutse, bulo sai mai hali, amma laka da itace har sun yi yawa.

Sunan ginin a bakinsu buziyaj. Kafinta ne ke fara aiki: ya sassaƙe katakon saifires, bishiyar fadama wadda ba ta saurin ruɓewa, ya tayar da ginshiƙai, ya ɗora rufi. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi sai a gitta 'yan sanduna hawa-hawa kamar matakan tsani. Daga nan a haƙa rami, a zuba laka da ruwa, a shiga da ƙafa a yi ta tattakawa. Wasu kan haɗa da ciyawa ko gashin dabba, amma abin da aka fi sawa shi ne wani tsiro mai furfura da ke reto a rassan bishiyoyi. Suna ce masa gansakukar Sifen, ko da yake dangin abarba ne. Akan jiƙa shi ko a turbuɗe har ɓawon ya ruɓe, a bar baƙin zare mai ƙarfi. Wannan zaren ke riƙe laka kada ta tsattsage in ta bushe. Sai a cura haɗin dunƙule-dunƙule, a rataya kowane curi a kan sanda, rabi ta nan rabi ta can, ana farawa daga ƙasa, ana shafewa da tafin hannu.

A nan ginin ya sha bamban da tubalinmu. Bangon tubali shi ke ɗaukar nauyin azara da rufi. A Louisiana kuwa itace ke ɗaukar kaya, laka cike gurbi take yi, ta tare zafi da sanyi. Shi ya sa bangon bai da kauri sosai.

Sauran dabarar duk ta raba laka da ruwa ce, kuma a ganina nan gwanintar take. Da farko a ƙasa ake kafa ginshiƙai, danshi da gara suka yi ta cinye su. Gidan Badin-Roque da ke kusa da kogin Cane na cikin 'yan ƙalilan irinsa da suka rage. Daga baya aka koma ɗaga gida a kan dirkokin itace ko na bulo, ruwa ya wuce ta ƙasa, iska ma haka. Aka faɗaɗa rufi ya zama baranda, har a wasu gidajen ta zagaye ko'ina. Bangon da ke ƙarƙashin baranda farar ƙasa kawai ake shafa masa, wanda ke fuskantar ruwa kuwa a lulluɓe shi da alluna.

Tsarin katakon daga Faransa ya zo, amma 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar sun daɗe suna yaɓa laka a kan saƙar itace, kuma a manyan gonaki bayi 'yan Afirka ne suka yi mafi yawan aikin. A gonar Melrose, wadda Louis Metoyer, ɗan Marie Thérèse Coincoin da aka haifa baiwa daga baya ta samu 'yanci, ya kafa, har yau akwai ginin buziyaj da ake kira Yucca.

A birni bulo ne ya yi rinjaye, musamman bayan gobarar New Orleans ta 1788 da ta 1794. A ƙauye kuwa sai da katakon inji da ƙusa suka yi arha aka watsar da laka. Gidajen da suka rage, babban abin da ke kashe su yau shi ne yoyon rufi da gyaran jahilci: a yaɓe bango da siminti, danshi ya rasa mafita, itace ya ruɓe a ciki ba wanda ya sani. Masu adana kayan tarihi da laka da farar ƙasa suke gyarawa. Wanda hanya ta kai shi Lafayette, ya leƙa ƙauyen tarihi na Vermilionville ya ga irin waɗannan gidaje da idonsa.