Yawan Dashe Ba Shi Ne Yawan Itatuwa Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi magana a kan yadda a ke auna aikin tsaron itatuwa a ƙasar Sabon Birni da Isa.

A 2007 ƙasashen Afirka suka ƙulla shirin ganuwar itatuwa don tare hamada. A 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma, Sakkwato kuwa tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Amma abin da a kan yi shela da shi shi ne yawan dashen da aka raba. To, dashe da damina ba wuya. Awaki da zafin bazara su ne alƙalai.

Mu dubi maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi, inda 'yan'uwanmu Gobirawan Tsibiri su ke. A 1983 wani Bature na mishan, Tony Rinaudo, ya ga yawancin dashensa yana mutuwa. Sa'an nan ya lura ashe kututturan da a ke sassabewa kowace shekara saiwarsu tana da rai. Manoma suka riƙa barin tsiro mafi ƙarfi, suna sare sauran. Da masana suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na 2005, sai aka kimanta wajen itatuwa miliyan 200 a fili hekta miliyan 5 a Nijar. Watau abin da ya tsaya aka ƙirga. Ya kuwa tsaya ne don manomi ya sakankance gawon gonarsa nasa ne.

Don haka shawarata, kowace bazara mai gari ya tara manoma da Fulani, su ƙirga gawo da kalgo da aduwa a gonakin da aka sa wa alama, su rubuta. A auna zurfin rijiya, gaba nawa igiyar guga ta ci. A tambayi mata nisan da su ke yi neman itacen wuta, gama su suka fi kowa sani. A rubuta kuma rigimar burtali nawa ta zo gaban hakimi.

Rashin zaman lafiyar da ya addabi ƙasar nan, musamman wajen dajin Gundumi, ya sa malamin daji ba kullum ya ke iya zuwa rangadi ba. Littafin ƙidayar nan sai ya zauna a hannun mutanen gari, a riƙa aika wa hukuma kofensa shekara shekara.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Sabon Birni.