Almajirci a majami'a: a kan me Kiristoci suka gina tarbiyyar matasansu?

Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa zai ci karo da kalmar da kowane Bahaushe ya sani tun yana yaro: almajiri. Da ita masu fassara suka kira mutanen da suka bi Yesu Almasihu, kuma sun dace da zaɓin. Kalmar Girkanci ta asali tana nufin mai koyo, irin wanda ke zama tare da malaminsa, ya ci abin da ya ci, ya bi shi inda ya nufa, har halinsa ya shige shi. A kan wannan ma'ana ce majami'u suka ɗora aikinsu da matasa.

A Nijar batun yana da nauyi. Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma ba, kuma kusan rabin ƴan ƙasa ba su cika shekara 15 ba. Majami'ar da ta kasa riƙe samarinta da ƴanmatanta, a Maraɗi take ko a Damagaram, tana iya wayar gari ba kowa a kan bencinta sai tsofaffi.

Tushe na farko yana ƙarshen Linjilar Matiyu, sura ta 28, inda Yesu ya umarci mabiyansa su mayar da mutane almajirai, su yi musu baftisma, su koya musu kiyaye abin da ya umarta. Malaman tauhidin Kirista suna jan hankali a kan cewa umarnin bai tsaya ga tara jama'a ba. Daga nan suka fitar da hukuncin cewa ba a gadon bangaskiya kamar yadda ake gadon gona. Ɗan fasto ma sai ya koya, ya kuma amsa da bakinsa.

A nan ɗariku suka ɗan rabu. Katolika suna yi wa jariri baftisma, sannan su bi shi da karatun addini na shekaru har ranar da bishop zai ɗora masa hannu don tabbatar da bangaskiyarsa. Majami'un bishara, irin waɗanda suka fito daga aikin mishan ɗin SIM da ya iso Damagaram a 1924, galibi suna jira sai mutum ya yi hankali ya furta tubarsa kafin a nutsar da shi cikin ruwa. Amma dukansu sun yarda cewa shekarun samartaka ne lokacin yanke shawara, kuma nauyin farko yana wuyan iyaye, kamar yadda sura ta 6 ta Kubawar Shari'a ta ɗora musu.

Tushe na biyu ya fi tayar da ƙura, musamman a ƙasar da yaro ba ya ɗaga murya gaban manya. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti, wani matashi da ya bar wa jagorancin ikilisiyar Afisa, yana gargaɗinsa kada ya bari a raina shi don ƙuruciyarsa. Ma'ana, matashi ba jiran girma yake yi kafin ya zama cikakken ɗan ikilisiya ba.

Wanda ya mayar da wannan tunani tsarin aiki shi ne Joseph Cardijn, wani limamin Katolika ɗan Beljiyam da aka haifa a 1882. Ya lura cewa abokan karatunsa da suka shiga masana'antu tun suna yara sun juya wa majami'a baya, suna ganin ta ta masu kuɗi ce. Ya yanke cewa ba limami ne zai dawo da su ba, sai ƴan uwansu matasa ma'aikata. A 1925 ƙungiyarsa ta JOC ta samu amincewar Fafaroma Pius na 11, daga baya aka kafa ta ɗalibai, JEC, wadda ta bazu har ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Hanyarsa mataki uku ce: a duba, a auna, a aikata. Matasa kaɗan su zauna, kamar dai zaman fada amma da manufa, su ɗauki abin da ya faru da gaske, a ce yaron shago da maigidansa ya hana shi haƙƙinsa. Su fara bincika yadda abin yake. Sannan su auna shi da koyarwar Linjila. Daga ƙarshe su tsayar da abin da za su iya yi da hannunsu kafin zama na gaba. Fafaroma Yohanna na 23 ya yaba wa wannan hanya a wasiƙarsa ta 1961, Cardijn kuwa ya zama kadinal a 1965, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Bayan taron bishop-bishop na 2018 a kan matasa, Fafaroma Francis ya fitar da takarda a 2019 wadda ta jingina da labarin hanyar Imuwasu a Luka sura ta 24: Yesu ya tarar da almajirai biyu cikin baƙin ciki, ya yi tafiya tare da su, ya saurare su, sannan ya yi musu bayani. Saurare ya riga wa'azi.

Wahalar ita ce wannan aiki yana cin lokaci, kuma ba ya ƙirguwa. Shirya taron waƙa da gasar ƙwallo ya fi sauƙi, hotonsa ma ya fi kyau a Facebook. Masu sukar irin wannan salo daga cikin majami'un kansu suna cewa yana tara ƴan kallo, waɗanda ke watsewa da zarar sun tafi jami'a a Yamai ko ci-rani. Suna tunatar da cewa Yesu, duk da taron da ke binsa, mutum 12 ya keɓe, ya yi kusan shekara uku yana tare da su dare da rana.