TSOHON KARE A GIDA: YADDA ZA KU KULA DA SHI, KU KUMA TSARE IYALINKU

An rubuta wannan takarda domin magidanta na unguwanni da ƙauyukan da ke kudancin Kogin Kaduna, watau su Kakuri, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora, har zuwa ƙauyukan Kujama. A wannan gefe gidaje da yawa suna da kare. Wani don gadi ya ajiye shi, wani don farauta, wani kuwa don korar birai daga gonar masara. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran mutanen gida, har da yara.

Kare ba ya daɗewa kamar mutum. In ya kai shekara 7 ko 8 ya fara tsufa ke nan, kuma kaɗan ne su ke wuce shekara 13. Ga babbar magana da mu ke so ku riƙe: tsufa a hankali ya ke zuwa, wata da watanni. Abin da ya sauko wa kare farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku, ba tsufa ba ne. Ciwo ne, wani lokaci ma ciwon da zai iya kashe mutum.

ALAMUN TSUFA

Za ku ga furfura ta fito masa a baki. Idonsa ya yi hazo-hazo. Ku kira shi bai waiwaya ba, ba don taurin kai ba, sai don kunne ya yi nauyi. Da safe in zai tashi sai ya yi ta fama, gama gaɓoɓinsa sun sage. Barci ya yi yawa, haushi ya ragu. Duk waɗannan ba abin tsoro ba ne. Babu maganin da zai mayar da shi kwikwiyo, amma akwai abin da za ku yi ya sami sauƙi, kuma yawancinsa ba ya cin ko kwabo.

ABINCI DA MAKWANCI

Haƙoran tsohon kare sun lalace, ba ya iya tauna ƙanzo ko busasshen tuwo. Uwargida ta jiƙa masa da ruwan ɗumi ko romo, ta ɗan sa kifi ko dafaffen ƙwai in da hali. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini, ya fi a tula masa gaba ɗaya. In akwai ƙananan karnuka a gidan, a ware masa kaskonsa, in ba haka ba su za su cinye, shi ya kwana da yunwa. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yakan tsage ya soke hanji. Miya mai albasa da yawa kuma tana ɓata jinin kare.

Ruwa mai tsabta kada ya yanke a kaskonsa, balle a watan Maris da Afrilu sa'ad da zafi ya tsananta. Kada a ɗaure shi a rana. Da hunturu kuwa, a shimfiɗa masa tsohon buhu a lungun da iska ba ta bugawa, gama sanyin ƙasa ya kan tayar da ciwon gaɓoɓi.

Da damina sai a ƙara lura. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. Tsohon kare da ya yini kwance wuri ɗaya, tsutsar ƙudan nan takan shige fatarsa, sai ku ga kumburi kamar maruru da ɗan rami a tsakiya. A shafa man basilin a bakin ramin, in an jima a matse a hankali, tsutsar za ta fito. Maganin abin dai shi ne a share makwancinsa kullum, a kuma shanya buhun a rana.

Kaska ma ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce. Ban da shan jini, tana sa wa kare ciwon da ke sa dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Ku duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa kowane mako. Amma kada ku yi masa wanka da fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko baƙin mai. Dafi ne. Zai lashe, yaran da ke taɓa shi kuma za su kwasa a hannu. Haka nan kada ku ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane. Wadda ke sauƙaƙa wa maigida ciwon baya tana iya huda cikin kare, ta lalata masa ƙoda. Likitan dabbobi yana da maganin da ya dace, da na tsutsar ciki wanda ya kamata a ba shi duk wata 3, domin waɗansu tsutsotsin kare suna kama yaran da ke wasa a ƙasa.

LOKACIN NEMAN LIKITAN DABBOBI

In kare ya ƙi abinci kwana biyu, ko yana shan ruwa fiye da kima yana ta fitsari, ko ƙari ya fito masa yana girma, ku kai shi. Tsohuwar karya kuwa, in mugunya tana fita ta bayanta makonni kaɗan da gama lokacin barbara, mahaifarta ce ta ruɓe, kuma jinkiri zai kashe ta. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na masu zaman kansu a Kaduna. Ciwon da ya gagara akan tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

CIWON HAUKAN KARE

To, ga inda haɗarin ya ke. Kowa ya san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ciwon nan yana da wata kama ta biyu, mai shiru. Kare ya lafe a lungu, ƙafafun baya su mutu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, ya kasa haɗiya. In tsohon kare ne, sai mutanen gida su ce ai tsufa ne, ko kuwa ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. Sai maigida, don tausayi, ya zura hannu a bakinsa zai ciro. Kada ku kuskura ku yi haka. Ƙwayar cutar a cikin yawun ta ke, ɗan ƙwarzane a yatsa ya ishe ta ƙofa. Ku tambayi kanku: jiya ko shekaranjiya haka ya ke? In a'a ne, a kulle shi inda ba mai taɓa shi, a kira likitan dabbobi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare su ke samunsa, kuma wajen 4 cikin 10 na waɗanda abin ke shafa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, magana ta ƙare. Amma kafin su bayyana allura tana hana shi sarai.

Saboda haka a yi wa kare allurar riga-kafi tun yana wata 3, sa'an nan kowace shekara. Tsufa ba ya ɗauke masa wannan. Waɗansu sukan ce, "Ai ya kusa mutuwa, me za a ɓata kuɗi?" Allurar ba don shi kaɗai ba ce, don 'ya'yanku ce. A ƙasarmu a ke yin ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ku kasa kunne a lokacin ko za a yi shelar allura a unguwarku. Ku adana takardar shaidar allurar.

Ko da lafiyarsa lau, tsohon kare da ba ya ji ba ya gani sosai yana iya kai cizo in an firgita shi. A hana yara hawansa, ko jan wutsiyarsa, ko taɓa shi yana barci.

In ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A duba agogo, gama minti 15 ya fi yadda ku ke zato tsawo. Kada a sa toka, ko ganye, ko gashin karen. Ran nan a tafi asibiti, kamar Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri ko wanda ya fi kusa da ku, a ce kare ne ya yi cizon, a nemi allura. Kada a jira a ga abin da zai faru. Karen kuwa a kulle shi kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa daga nesa. In ya mutu cikin kwanakin nan, a sanar da likitan dabbobi domin a aika da kansa a gwada. Kada a sayar da kare marar lafiya ga masu sayen karnuka, gama mai yanka shi da mai feɗe shi suna iya kamuwa.

IN ƘARSHE YA ZO

Wata rana za ku ga ya daina tashi, ya daina ci, yana kashi da fitsari a kwance, yana nishi dare da rana. In likita ya duba ya ce babu sauran magani, barinsa haka azaba ce. Likitan dabbobi yana da allurar da ke sa shi barci ya wuce ba tare da jin zafi ba. Wannan ya fi a kai shi daji a yar, inda zai mutu da ƙishirwa ko ya koma yawo cikin unguwa. Ya fi a ba shi guba, wadda kaji da yara za su iya tsinta. In yara sun yi kuka kada a yi musu dariya, tare suka tashi da shi.

Kada a jefa gawarsa a Kogin Kaduna, ko a kwalbati, ko a juji. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 ko 4, nesa da rijiya, a binne shi, a danne da duwatsu don kada waɗansu karnuka su tone. A ƙone buhun da ya ke kwanciya a kai, a wanke kaskonsa da tafasasshen ruwa, wanda ya yi aikin kuma ya wanke hannunsa da sabulu.