Bayan canjin batir: kada a yi gaggawar ɗora wa amortisar laifi

Daga cikin abubuwan da ke tada hankalin mai motar zamani, kaɗan ne suka kai wannan: an canza batir, mota ta tashi lafiya lau, amma da an hau titi sai fitilar gargaɗi ta kama a tablo, mota kuma ta sandare tana dukan ƙasa kamar amalanke. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa amortisar sun mutu, a fara lissafin kuɗin da za a aika Turai. Alhali kuwa sau da yawa waɗannan ƙarafa lafiyarsu ƙalau, matsalar ta wuta ce da kuma abin da ƙwaƙwalwar mota ta manta.

Za mu ɗauki misali da motar tsere ta Jamus, Porsche 911 samfurin 997, wadda ta fito a shekarar 2004. Irinta ba ta da yawa a titunan Yamai ko Maraɗi, amma tsarin da ke cikinta yana da ƴan uwa a manyan motocin da ƴan kasuwa da ma'aikata ke saye, irin su Cayenne, Range Rover da wasu BMW.

Yadda abin yake aiki

Amortisar na gargajiya bututu ne mai cike da mai. Idan taya ta faɗa rami, man yana kurɗawa ta ƙananan kafofi, wannan ne ke hana mota yin ta tsalle. Taurinsa ɗaya ne tun daga masana'anta har ya tsufa.

A tsarin da Porsche ke kira PASM kuwa, kowane amortisar yana da ƴar ƙofa da wutar lantarki ke buɗewa ko tsukewa. Wata ƙwaƙwalwa ce ke ba da umurni, bayan ta samu labarin gudun mota, juyin sitiyari, taka birki da girgizar jikin mota daga na'urorin da ke auna su. A hanya mai gargada sai ta sassauta, a kwana sai ta ƙara tauri, duk cikin ƙiftawar ido.

Abin lura a nan shi ne, injiniyoyi sun shirya abin da zai faru idan ƙwaƙwalwa ta rasa ingantaccen labari. A PASM, da wuta ta yanke sai ƙofar ta rufe, amortisar ya koma matakinsa mafi tauri, domin mota ta riƙe hanya. Ke nan sandarewar da direba ke ji kariya ce, ba lalle ne ta zama alamar lalacewa ba. Akwai wani tsarin daban, MagneRide, wanda ya fara fitowa a Cadillac Seville STS a 2002, daga baya ya shiga Corvette, Audi TT da Ferrari 599. Shi mansa yana ɗauke da garin ƙarfe da maganaɗisu ke sarrafawa, don haka idan wuta ta yanke laushi yake yi, mota ta riƙa lilo. Alamomi biyu masu saɓani, amma tushensu ɗaya.

Me ya haɗa batir da wannan?

Hanyoyi uku ne. Na farko, mantuwa. Idan aka cire batir, na'urar da ke auna juyin sitiyari takan rasa tsakiyarta, sassan da ke dogara da ita kuma su kunna fitila. Na biyu, ƙarancin wuta. Batir mai rauni yana iya tada inji, amma a lokacin tayarwar wutar takan faɗi ƙasa sosai, har ƙwaƙwalwa ta rubuta kuskure ta ajiye. Na uku, ɓarnar hannu: kan batir da ba a ɗaure sosai ba, wayar mas da aka bari tana rawa, ko fizibil da ya ƙone sa'ad da spana ta taɓa inda bai kamata ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne. Citroën XM, wadda Faransa ta fitar a 1989 da tsarin Hydractive, ta yi ƙaurin suna a shekarunta na farko, kuma babban dalilin shi ne rashin ingancin mahaɗan mas. Tsarin kansa nagari ne, hanyar wutar ce ta ci amanarsa.

A ƙasarmu haɗarin ya fi yawa. Motar da aka sayo ta hannu takan shafe makonni a jirgin ruwa da filin ajiya har batirinta ya mutu, a yi ta tayar da ita da na aro. Zafin watannin Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, yana gajarta rayuwar batir. Ga kuma wata al'ada da ta zauna a garejinmu tun zamanin 504: cire kan batir inji yana aiki, wai don a gwada alternatar. Tsohuwar mota tana iya jurewa, amma a ta zamani wutar takan yi tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwa. Wajibi ne mai mota ya hana a yi masa haka.

Daga mai araha zuwa mai tsada

Bincike na gari yana farawa ne daga batir. Bayan mota ta huta, cikakken batir yana nuna kimanin volt 12,6. Idan 12,2 ya nuna, rabin wutarsa ta tafi. Lokacin tayar da inji bai kamata ya sauka ƙasa da 9,6 ba, idan kuma inji yana aiki a ga tsakanin 13,5 da 14,7. Sabon batir ma a auna shi, domin wanda ya daɗe a shago ba ya cika.

Sai a duba kawunan batir da wayar mas, a kankare tsatsa, a ɗaure tamau. Daga nan a bi fizibil ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, saboda ido kaɗai yakan yaudari mutum.

Mataki na uku ba ya cin ko dala. Littafin da Porsche ke ba mai mota ya yi bayanin abin da za a yi bayan an mayar da batir: a tada inji, mota tana tsaye a juya sitiyari hagu da dama ƴan lokuta, sannan a yi ɗan tafiya miƙe har fitilar PSM, wato ta tsarin hana santsi, ta mutu. Fitilu da dama a nan suke bacewa.

Idan gargaɗin ya ƙi tafiya, sai a nemi na'urar bincike, wadda kanikawa ke kira baliz. Ana jona ta ne a mahaɗa mai kafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta a Amurka tun 1996, a motocin esans na Turai kuma tun 2001. Amma ƴar ƙaramar na'ura mai araha galibi inji kaɗai take karantawa, sai ta ce babu komai alhali kuskuren yana kwance a ƙwaƙwalwar amortisar. Ana buƙatar wadda ke shiga kowane sashe, kamar PIWIS ta Porsche ko makamanciyarta. A rubuta lambobin kuskuren kafin a goge su, sannan a zagaya da mota a sake karantawa. Wanda ya tafi bai dawo ba, tabon ƙarancin wuta ne. Wanda ya dawo nan take, shi ne ciwon gaske, kuma yakan nuna ƙafar da za a duba. Ko a nan ma a fara da wayar da ke shiga amortisar da mahaɗarta, domin ƙura da girgiza suna cin su. Masu BMW kuma su tuna cewa yawancin samfuransu na shekarun 2000 zuwa yau suna buƙatar a sanar da ƙwaƙwalwa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da cika shi kamar tsohon.

Yaushe ne laifin na amortisar ne?

Idan mai yana tsiyaya a jikinsa, ko yana ƙwanƙwasa a rami, ko awo ya nuna wayar cikinsa ta yanke, to ya gama aiki, kuma biyu ake canzawa tare, na hagu da na dama. Wasu kan ba da shawarar a sa na gargajiya a rufe bakin fitila da dabara. Araha ba ta ado: motar ta rasa abin da aka biya kuɗi dominsa, darajarta kuma ta faɗi ranar sayarwa.

Rigakafi dai ya fi magani. Kafin a cire batir a kashe komai, a zare makulli, a fara kwance kan mas, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. A 997 batir yana cikin akwatin gaba, murfinsa kuma da wuta yake buɗewa, don haka kada a rufe shi babu batir a ciki. Duk bakaniken da ya ambaci sabon amortisar kafin ya auna wuta ya karanta ƙwaƙwalwa, mai mota yana da haƙƙin ya tambaye shi hujja kafin ya zaro kuɗinsa.