Tazarar Shukar Auduga: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Audugar Kamaru a can arewa take, yankunan Garwa da Marwa, inda kamfanin SODECOTON, da aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, ke ba manoma iri da taki bashi, ya sayi amfanin, ya gurza a injinansa na garuruwa irin su Garwa, Gidar da Tuboro. Sai dai tun ranar shuka, lokacin da aka ja igiyar auna layuka, ake yanke wa auduga darajarta.

Tazarar da aka saba da ita a yankin ita ce santimita 80 tsakanin layi da layi. Bayan tsiro kuma a rage shukar, a bar ɗaya ko biyu a rami.

In aka matse layuka, itatuwan sai su yi ta kokawar rana da ruwa da taki. Rassan ƙasa su rasa haske, 'ya'yan su ƙanƙance, wasu su zube. Mai feshi ma bai samun hanyar ratsawa, maganin ya tsaya a ganyen sama, ƙwari na ƙasa suna sha'aninsu. Daga nan darɓa ke samun wuri, ta ɗiga a kan buɗaɗɗiyar auduga ta sa mata danƙo. In kuma aka buɗa fiye da kima, ciyawa ta samu fili, itacen ya yi ta reshe yana haihuwa har bayan ɗaukewar ruwa. Waɗannan 'ya'yan na baya ba sa ƙosawa.

A wurin gurza asiri ke tonuwa. Haƙoran zarton injin suna fizge audugar daga jikin angurya. Wadda ta ƙosa takan fita sumul. Wadda ba ta ƙosa ba sai ta tsinke ko ta cukurkuɗe ta yi ƙulle-ƙulle, rini ma ba ya kama ta sosai. Mai datti kuwa sai an yi ta tace ta, kowace tacewa tana rage mata tsawo. Haka manoman Amurka masu matse layuka suka gani, don injin girbinsu yakan haɗo da kara da ganye.

A Kamaru da hannu ake cira, wannan babbar riba ce. Manomin da ya ja igiya, ya rage shuka da wuri, ya ware fara da mai datti, ya guji zuba ta a buhun leda, shi ke da daraja ta ɗaya ranar awo.