Kada Mu Yar da Tsohon Majigi

'Yan'uwa manoma, wasu ƙungiyoyinmu suna da tsohon majigi a ajiye, domin ƙwan fitilarsa ya mutu, samun irinsa kuma ya yi wuya. Finafinanmu na koyar da noma suna nan suna shan ƙura.

Akwai dabara. Majigin Bell & Howell na dā yakan ci ƙwai mai wat 750. Mai gyaran rediyo yana iya sa masa ƙwan halojin mai wat 250, tare da taransifoma mai sauke wuta zuwa bolt 24. Janaretanmu ma zai huta.

Amma mu lura. Sabon ƙwan ya zauna daidai gurbin tsohon, in ya kauce hoto zai dushe. Kada mu taɓa gilashinsa, maiƙon yatsa yana kashe shi. Kada a cire fanka, gama zafi yana ƙone fim.