Lamba da suna: neman sunan launi mafi kusa a na'ura, bisa misalin jar akuyar Maraɗi

0. Gabatarwa

Na'ura mai ƙwaƙwalwa da lamba take aiki. Kowane launi tana rubuta shi da lambobi uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Wannan tsari, da ake kira RVB da Faransanci, yana ba da launi 16 777 216, alhali sunayen launi a kowane harshe ƴan kaɗan ne. Tambayar wannan ƙasida ita ce: in an ba na'ura lambobi uku, ta yaya za ta zaɓi sunan da Bahaushe zai yarda da shi? A ce ana son rajistar dabbobin kasuwar Dakoro ta hanyar hoton waya, domin sauƙaƙa cigiyar wadda ta ɓata ko aka sace. In rajista ta ba da wani suna, mai cigiya ya faɗi wani, ba za a ga dabbar ba ko da tana cikin rajistar.

1. Hanyar lissafi

Hanyar da aka saba mai sauƙi ce. Ana tanadar jerin sunaye, kowane da lambobinsa uku, sannan a auna tazarar da ke tsakanin launin da aka bayar da kowane suna: a cire lamba daga takwararta, a ninka kowane bambanci da kansa, a tara ukun, a fitar da saiwar jimillar, wato racine carrée. Sunan da tazararsa ta fi ƙanƙanta shi ake ɗauka.

Mu ƙaddara cewa gashin wata akuya ya ba da (150, 75, 40). A jerin CSS na shafukan intanet, mai sunaye 148, dukkansu na Ingilishi, sunan da ya fi kusa shi ne sienna (160, 82, 45), da tazarar 13. Lissafi ya yi daidai, amma makiyayi bai san wannan suna ba.

2. Inda fassara ta gaza

Abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne a fassara jerin, a ba kowane sunan Hausa lambobin takwaransa. In mun yi haka da fari, baƙi, ja, tsanwa, shuɗi, rawaya da ruwan toka, ga sunaye biyu da suka fi kusa da akuyarmu:

(1) ruwan toka (128, 128, 128): tazara 105
(2) ja (255, 0, 0): tazara 135

Na'ura ta ce akuyar ruwan toka ce. Ana iya ɗora laifin a kan RVB, tun da tazararsa ba ta bin yadda ido yake gani. Domin gyara wannan ne hukumar CIE ta fitar da tsarin CIELAB a 1976. To amma ko a CIELAB, tazarar (1) kimanin 47 ce, ta (2) kuma 62. In kuma aka ƙara ruwan ƙasa da lambobin brown (165, 42, 42), shi zai yi nasara da tazarar 36 a RVB. Duk da haka, daga Dakoro har Tasawa, jar akuya ake ce mata.

Ke nan kuskuren yana cikin jerin sunayen. Ja na Hausa fili ne mai faɗi, kamar yadda waɗannan misalai suka nuna:

(3) jan jini, jar ƙasa, jan ƙarfe, jar saniya

Lambobin (255, 0, 0) sun fi dacewa da ja wur, wato ƙarshen filin. Haka fari fat da baƙi ƙirin suke. Gefen filin kuwa, ninki ne ke nuna shi: ja-ja, baƙi-baƙi. Sunaye masu ruwan, irin su ruwan goro da ruwan hoda, filinsu ƙunci gare shi, domin suna jingine da abin da aka kwatanta da shi. Lissafin sashe na 1 yana ba kowane suna ɗigo guda, ya yanka iyaka daidai tsakiyar ɗigo biyu, don haka ƙaramin suna yana cinye filin babba.

Akwai kuma sunayen da ba su fita daga fagensu. Akawal da kili da hurde, waɗanda ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo, na dawaki ne. Ba a cewa riga akawal. Hurde ma dabbare-dabbare yake nufi, abin da lambobi uku ba za su iya ɗauka ba.

3. Shawara

Berlin da Kay, a aikinsu na 1969, sun nuna wa masu magana ƙananan katuna 329 na tsarin Munsell, suka nemi kowa ya nuna cibiyar kowane suna da kuma iyakarsa. Irin wannan aiki ya kamata a yi da dillalai da makiyaya da ƴan koli a Dakoro. Daga nan:

a) a ajiye samfura da yawa ga kowane suna, na'ura ta duba biyar ko bakwai da suka fi kusa, ta ɗauki sunan da ya rinjaya;
b) a raba jeri bisa fage: awaki, shanu, dawaki, tufafi;
c) in ƙuri'a ta rabu, a ba da suna biyu ko siffar ninki;
d) a sa katin ruwan toka cikin kowane hoto, domin hasken hantsi da na la'asar ba su ba da lambobi ɗaya.

4. Kammalawa

Lissafin tazara layi kaɗan ne a kowane harshen na'ura. Babban aikin shi ne tattara samfuran daga bakin masu harshen, kuma wannan aikin masu nazarin harshe ne. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya farawa da filin ja a fagen awaki kaɗai.